Batirin tsohuwar Marsandi: yadda ake saye a Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da su Hajiya da yara duka. Saƙonka ya iso, inda kake cewa in nemo maka batirin Jamus in haɗo da kayan da za a yi lodi, tunda na gida ba sa ƙarko. Shawarata ka haƙura da wannan, ka sayi naka a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Ni ma kwanan nan na sauya wa tawa motar batir a nan Hamburg, don haka bari in warware maka abin da na gani, sai ka auna da kanka.

Motar tawa irin taka ce, Marsandi 240D mai shan dizal, daga cikin jerin W123 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986. Abin da muke wa kallon tsohuwar mota a gida, a nan abin ado ne. Duk motar da ta cika shekara 30, kuma aka tabbatar ba a ɓata mata asali ba, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe. Harajinta na shekara Yuro 191 ne da 'yan kai, kuma an yarda ta shiga unguwannin da aka hana tsofaffin motocin dizal. Sai dai masu irin waɗannan motoci ba sa fitar da su lokacin hunturu, saboda gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris motar tana kulle a gareji. To zaman nan shi ke kashe batir a nan. Batirin da ya cika yana nuna volt 12.6 ko sama kaɗan. In ya sauka ƙasa da 12.4 aka bar shi haka wata da watanni, wani farin gishiri yana kama farantan dalmar da ke ciki, kuma in ya daskare ba cajin da zai dawo da shi yadda yake.

Da na je shagon kayan mota, yaron da ke kan kanta bai ma tambaye ni wace mota ba ce. Takardar motar ya karɓa, ya buga wasu lambobi biyu a kwamfuta, sai ga jerin batura sun fito da farashinsu: Varta, Bosch, Exide, Banner. Ba ciniki, ba "nawa ka saya". A jikin kowanne an rubuta lambobi uku, kuma su ne abin dubawa, ba launin kwali ba. Na farko volt 12. Na biyu mai Ah a gaba, yawan wutar da yake iya riƙewa ke nan. Na uku mai A, shi ne ƙarfin da zai iya bugawa lokaci guda a cikin sanyi, kuma a Turai ana gwada shi ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ga motar dizal wannan na ukun ba abin wasa ba ne, domin sai hitar da ke ɗumama cikin inji ta ja wuta tukuna kafin kik ya juya injin mai nauyi, ga mai ya yi kauri saboda sanyi.

Yaron ya nuna mini mafi tsadar, wanda ake kira AGM, ya ce shi ne ya fi. Ba yaudara yake yi ba, abin da aka koya masa ke nan. An yi irin wannan batir ne don motocin zamani da injinsu ke mutuwa da kansa a danja ya sake tashi. Ban saya ba a ranar, na wuce wurin wani dattijon bakanike da ba ya taɓa komai sai tsofaffin motoci.

Wannan mutum ya burge ni, Yaya, domin aikinsa irin na mutanenmu ne. Ya ɗaga bonet, ya ce in tayar, ya ɗora mita a kan kawunan batir, ya nuna mini da yatsa: 13.9. Ya ce abin da altanetar wannan mota, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ke bayarwa ke nan, kuma daidai ne ga zamaninta, amma AGM yana son caji ya kai 14.4 ko fiye kafin ya ƙoshi. In na sa shi, kullum zai zauna da yunwa, ga shi ba ya jure zafi, kuma mazaunin batir a wannan mota yana cikin bonet tare da injin. Kuɗi mai yawa zan kashe in sayi abin da zai riga mai arha mutuwa. Daga nan ya ciro tef ya auna mazaunin, tsawo da faɗi da bisa, ya ce in kula da bisan musamman, don in batir ya yi tsayi kawunansa na iya taɓa bonet, wuta ta tashi. Ya nuna mini ɗan leɓen da ke gindin batir inda ƙarfe ke danne shi, sannan ya ce in duba a wane gefe kan mai alamar + yake, saboda wayar asali gajera ce, ba za ta ƙetara ɗaya gefen ba. Ya ƙara da cewa in da ƙaramar Volkswagen ce ta kafin 1967, sai an fara tambaya ko mai volt 6 ce, wasu tsofaffin motocin Ingila kuma kan + ne ake haɗawa da jikin mota. Batirin ruwa na gargajiya ya zaɓa mini, mai Ah 95, na biya wajen Yuro 130.

Abubuwa biyu a nan sun fi na gida, kuma ba a jikin batirin suke ba. Na farko rasit. Doka ta ba mai saye shekara 2 ya koma da sabon kaya in an same shi da lahani daga asali, kuma shagon ba zai ce bai san ka ba. Na biyu tsohon batir. In ka sayi sabo ba ka kawo tsohon ba, sai an ɗora maka Yuro 7.50 na ajiya, ranar da ka kawo shi a mayar maka. Shi ya sa ba ka ganin mataccen batir yashe a bayan gida. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na tuna yaran da ke fasa batir da guduma a bakin kwata, su tsiyayar da asid a ƙasa, su narkar da dalma a gwangwani ba ko ƙyalle a hanci. Dalma guba ce, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana ta fi yi wa illa. Don Allah in ka cire naka, kada ka bari yaran gida su yi wasa da shi, ka miƙa wa mai batir ya rage maka kuɗi.

Amma akwai inda gida ya fi. A nan ba mai gyara batir. Ba wanda zai kwance murafu shida ya leƙa ya ce ɗaki ɗaya ne ya mutu, ba mai karɓa ya kwana a caji ya ba ka aron wani ka yi aikin yini. Yawancin na nan a rufe suke ruf, in ya yi rauni sai dai sabo. Ko asid ɗin ma tun 2021 an daina sayar wa mutum shi kaɗai a ƙasashen Tarayyar Turai, sai dai shago ya zuba maka. Kuɗin aikin bakanike kuwa a manyan gareji ya kan haura Yuro 100 a awa guda, wasu sababbin motocin ma sai an shigar da sabon batir a kwamfutar motar. Tamu ba ta da wannan, sifana kawai take so: ka fara cire kan mai alamar −, in za ka mayar kuma shi ne na ƙarshe.

Dalilin da ya sa na ce kada in aiko maka shi ne, abin da ke kashe batir a wurinku daban ne. Zafi ne da girgizar hanya. Zafin Maris da Afrilu yana ƙafar da ruwan ciki, farantai su fito fili su lalace. Babbar lambar sanyin nan da ake biya wa kuɗi ba ta da wani amfani sosai a Kano, ko a tsakiyar hunturu. Ga nauyi, nawa ya haura kilo 20, ba a yarda da shi a jakar jirgin sama ba, in kuma ta ruwa ne zai yi makonni a kwantena yana tsiyayar da caji kafin ya iso. Masu tallar batirin Turai na hannu kuwa ka yi hattara da su, don mutanen nan ba kasafai suke cire batir yana da sauran ƙarfi ba.

Ka nemi sabo mai murafu da ake buɗewa, girmansa daidai da mazauninsa. Ka sa a ɗora masa mita a gabanka kafin ka biya, kada ya gaza 12.5, kuma ka tambayi watan da aka yi shi. A ɗaure shi da ƙarfensa, ba da roba ba. Duk wata ka duba ruwan, in ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, ban da asid, ban da na rijiya. Sannan ka kai wa rewaya ya auna cajin motar tana aiki. In ya haura 14.8, altanetar ce ke dafa maka batura, kuma ina zargin abin da ya cinye na baya ke nan. Ka turo mini lambar da mitar ta nuna, zan nuna wa dattijon nan. A gaida Hajiya da kyau.