Mun je Jos da kamfanin yawon buɗe ido: na ga badalar Kano a Filato, Dutsen Wase kuwa sai a hoto

Tunda muka dawo mutane suka dame ni da tambaya a WhatsApp, wai ya tafiyar ta kasance, kamfanin nan da gaske suke ko cika baki ne kawai, to bari na faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Sunansu dai ba zan kama ba, ofishinsu yana wani bene ne a titin gidan Zoo, sun fi harkar biza da tikitin Umara, wannan kai mutane yawo cikin gida sabon abu ne suka ɓullo da shi. Ni da maman yara da yaranmu 2 muka bi su a hutun ƙarshen shekara, kwana 2 wuni 3, dubu 95 kan babba, yaro rabin kuɗi, a ciki har da mota da masauki da karin kumallo da kuɗin shiga wurare.

A takardar da suka turo an jero gidan tarihi na Jos, gandun namun daji, Dutsen Riyom, ruwan Assop, tsaunukan Shere da Dutsen Wase. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

Aka ce ƙarfe 6 da rabi mota za ta tashi, kowa ya zo da wuri ba a jiran kowa. Muna idar da asuba na taso yara cikin wannan sanyin, muka hau adaidaita daga Ɗorayi, muka iso muka tarar ofis a kulle. Sai 9 saura muka bar Kano, wai ana jiran wata Hajiya da ta biya kujera 4. Motar dai hummer ce mai lafiya ba laifi, direban ma dattijo ne ba ya gudun hauka, mu 15 ne a ciki. Ta Kwanar Dangora muka bi, Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, Saminaka, Jengre sannan muka fara hawa. Daga nan ne za ka ji kunnenka yana toshewa iska ta sauya, sabida garin Jos yana sama da mita 1,200 daga saman teku, mu da muke taƙama mun san sanyin hunturu a Kano ashe wasa muke. Maman yara da ta yi min dariya dan na saka rigar sanyi 2 a jaka, ita ta fara ƙwace ɗaya.

Masaukin kam an yi ba a yi ba. Ɗaki tsaf, zanin gado wankakke, amma ba ruwan zafi, a Jos fa, a watan Disamba! Da na yi magana sai aka kawo mana bokiti ɗaya mu huɗu. Karin kumallon kuma shayi da burodi da ƙwai ɗaya, kullum shi ne. Wannan laifin kamfani ne dan su suka zaɓi wurin, kuma da sun faɗa tun a Kano da mun taho da hita ɗinmu.

Abin da ya ceci tafiyar nan mutum ɗaya ne, jagoran da suka ɗauko mana a can, wani saurayi ɗan ƙabilar Birom, Kirista ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa sai dai irin ta Jos, ya kalli babbar 'yata ya ce "kai zo nan ka gani", yarinya ta tsaya tana waige tana neman wa ake kira, muka yi ta dariya har shi. Ni Alhaji yake ce min duk da na gaya masa ban sauke farali ba tukunna, ya ce a wurinsu duk wanda ya fito daga Kano da hula zanna Alhaji ne. Yaron nan ya san garinsu. Tun a mota ya fara mana lissafi, jihar Filato ƙananan hukumomi 17 ne kawai, mu Kano muna da 44, amma ƙabilun da ke cikinta sun haura 40, ya dinga jero su, Birom, Angas, Tarok, Mwaghavul, Goemai, Afizere, Anaguta, Irigwe, Ron, ga Hausawa da Fulani. Ya ce wasu sunayen da muka sani ma mu Hausawa ne muka laƙaba musu, Tarok muke cewa Yargam, Mwaghavul muke cewa Sura, Goemai kuma Ankwai, Afizere Jarawa. Ni wallahi duk shekaruna ban taɓa sanin Yargam ba shi ne sunan da suke kiran kansu ba. Kuma abin mamaki in ɗan Angas ya haɗu da ɗan Birom a kasuwa da Hausa za su yi ciniki, a coci ma da Hausa ake waƙa a wurare da yawa, mun ji da kunnenmu ranar Lahadi da safe daga wani coci kusa da masaukinmu, autana ya ce Abba ai yarenmu suke yi.

Gidan tarihi muka fara zuwa kuma nan ne na ce kuɗina sun fita. A 1952 aka buɗe shi, wani Bature Bernard Fagg ne ya tsaya a kansa, kuma dalilin kafa shi yana da alaƙa da kuza. Masu haƙar kuza ne suka dinga tono kawunan mutum-mutumi na yumɓu a ƙasa, na farko a 1928 kusa da ƙauyen Nok wanda yanzu yake kudancin Kaduna, shi ya sa ake kiransu kayan Nok, kuma sun haura shekara 2,000. Ka tsaya gabansu ka ga ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ka ga kitso da ado a ka, aiki ne na wanda ya ƙware ba wasan yara ba. Akwai sashen tukwane na ƙabilu kala-kala, wata tukunyar ta fi autana tsawo, akwai tsofaffin littattafan Larabci rubutun hannu, sai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a waje, jagoran ya ce da akwai ƙaramin layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914 dan kwasar kuza, a 1957 aka rufe shi. Nan na tuna kakana yana ba mu labarin 'yan uwansa da suka tafi Jos aikin kuza ba su dawo ba, can suka yi aure suka hayayyafa, ashe irinsu ne suka cika Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo.

Amma inda jikina ya mutu shi ne bayan gidan tarihin, wani fili da aka ware aka gina kwafin gine-ginen gargajiya na Najeriya, wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, shi ya tsara. Muna shan kwana kawai sai ga badala a gabana, ganuwar Kano, da jar ƙasa, da tsayinta da kaurinta da ƙofa. Na tsaya kamar an dasa ni. Ni fa a Kano aka haife ni, kullum sai na wuce ta gefen badala in zan shiga gari, amma abin da na sani shi ne tudun ƙasa da zaizaya ta cinye, nan an yanka an yi shago, can an mai da shi bola, can an ɗebi ƙasar an yi bulo. Sai da na yi tafiyar awa 6 zuwa garin wasu sannan na ga yadda abin yake da yana da rai. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen ƙarni na 12, sarakuna suka yi ta faɗaɗa ta har bayan zamanin Rumfa. 'Yata ta ce Abba wannan ce ta garinmu? Na ce kwafinta ne. Ta ce to ina ta gasken? Ban iya ce mata komai ba, jagoran ne ya ga alama ya ja su zuwa kwafin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, muka shiga muka ɗaga kai muna kallon bakan-gizon rufin, yadda aka lanƙwasa azara da ƙasa ba siminti ba rodi. Na so a bar mu a wurin nan awa 2 ko 3, amma wakilin kamfanin yana ta tafa hannu wai lokaci lokaci, minti 40 aka ba mu, alhali su suka cinye mana awa 2 a Kano.

Gandun namun daji kuwa yara ne suka more, tun 1972 aka kafa shi zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, fili ne babba cikin duwatsu da itatuwa, akwai tafiyar ƙafa sosai, mai ciwon gwiwa ya sani.

Washegari muka ɗau hanyar Akwanga. Dutsen Riyom a bakin hanya yake, manyan duwatsu ne a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, ka ce iska in ta kaɗa za su gangaro amma suna nan, ikon Allah. Wai in ka tsaya ta wani ɓangare yana kama da taswirar jihar, na karkata kai hagu na karkata dama ni dai ban gani ba, maman yara ta ce ta gani sarai. Daga nan muka gangara Hawan Kibo zuwa Assop. Wurin yana da kyau, inuwa, sanyi, ruwa yana zubowa ta kan duwatsu, sai dai hoton da kamfani ya tallata na damina ne, lokacin da ruwa ke ambaliya yana rugugi, mu kuma rani muka je ruwan ya ja baya sosai. Ba ƙarya suka yi ba amma ba su faɗi gaskiya duka ba. Duwatsun akwai santsi, a riƙe yara da kyau.

A hanyar dawowa jagoran ya roƙi direba ya ratse da mu wurin wata mata mai abinci, wannan ba ya cikin tsarin ma, muka ci gwate, wato kamar fatenmu ne amma da acca da ganye da yawa da yakuwa, yana turiri cikin sanyin nan, na ci kwano 2 ba kunya. Ya kuma tambayar mana ita a gabanmu wane nama ne a ciki kafin mu zauna, ban ma roƙe shi ba, kuma duk lokacin sallah shi yake tuna wa direba ya nemo mana masallaci. Ya ba mu labarin bukukuwansu, Nzem Berom na Birom, Pusdung na Angas, Puus Kaat na Mwaghavul, ya ce in muna son ganin rawa da kayan gargajiya sai mu daidaita zuwanmu da lokacinsu dan a Disamba ba za mu same su ba. Wani a motar ya tsokano maganar rikicin 2001 da 2008, aka yi tsit, yaron ya ce Alhaji an yi, kowane ɓangare ya binne nasa, har yau akwai unguwar da ni ba na shiga da dare akwai wadda kai ma ba zan kai ka ba, amma gobe da safe zo Farin Gada ka ga waye yake sayen kabejin wa. Aikuwa mun je, kasuwar kayan lambu ce, manoman Filato da dillalai Hausawa ana ta ciniki ana tsokanar juna, muka yi lodin dankalin Turawa da karas da kabeji da strawberry mai arha har direba ya fara ƙorafin but ya cika.

To Dutsen Wase fa? Ranar ƙarshe da safe wakilin kamfani ya tara mu ya ce wai saboda wasu dalilai ba za a samu zuwa ba, Shere ma sai dai mu hango daga mota. Na ja jagoran gefe na tambaye shi, ya ce Alhaji Wase tana can kudu maso gabashin jihar, zuwa da dawowa wuni guda ne cur, ba yadda za a yi a haɗa ta da komawa Kano rana ɗaya, tun farko bai kamata a rubuta ba. Kenan sun sani, sun saka ne kawai takarda ta yi tsawo. Wannan ya fi rashin ruwan zafin ɓata min rai, dan ni Wase ce ma ta ja ni, ina so na ga dutsen nan da ya miƙe shi kaɗai a fili da kuma garin da yake da sarki Bafulatani a tsakiyar ƙasar Tarok da maƙwabtansu. Da muka dawo na je ofis na yi magana, manajan ya ba ni haƙuri sosai, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, ya ce za su rage min a tafiya ta gaba, amma ko sisi ba a mayar ba.

In maki zan ba su 3 cikin 5 ne, kuma 2 daga ciki na yaron nan ne. Mai son zuwa da su ya sa su rubuta masa wuraren da tabbas za a je, ya tambayi sunan masauki da batun ruwan zafi, ya tafi da rigar sanyi mai kauri da safa da takalmi mai kama ƙasa, kuma ya riƙe kuɗin abincin rana da na dare a aljihu dan ba sa ciki. Ni dai na karɓi lambar jagoran, in Allah ya kai mu damina mota zan shiga a Unguwa Uku da kaina, ya ce zai kai ni Wase mu kwana a can, sannan na koma wurin badalar nan na zauna iya son raina ba mai tafa min hannu.