Hoton kusurwar ido da na'urar OCT: sharhina bayan gwajin mahaifiyata

Wanda likita ya ce wa kusurwar idonsa ta matse, ana iya tura shi hoton OCT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin ido da haske. Mahaifiyata aka tura, ni na raka ta wani asibitin ido a Kano, kuma ina ganin ya dace in faɗi abin da na gani.

Kusurwar nan ita ce inda baƙin ido ya haɗu da fatar nan mai garau ta gaban ido. A nan magudanar ruwan cikin ido take. In ta rufe, matsin ido yakan haura 21, wato iyakar da aka saba ɗauka lafiya, sai hawan jinin ido ya shigo, wani lokaci farat ɗaya da ciwon kai da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila.

Da farko likita ta ɗiga wa Inna maganin kashe zafi, ta ɗora ƙaramin gilashi mai madubi a kan idon ta leƙa. Inna ta sha wuya, hawaye na ta zuba. Na'urar OCT kuwa sai sam barka. Ta ɗora haɓa, ta kalli ɗan ɗigon haske, ba abin da ya taɓa idon, kafin ka ce kwabo hoto ya fito a kwamfuta. Ta wannan fuskar ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Inda hankalina ya tashi shi ne wajen awo. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton ya ba mu lamba, da likita ta buɗe hoton nan dai ta sake aunawa, sai lambarta ta bambanta da tasa. Na tambaye ta dalili, ta juyo da allon ta nuna mini. Akwai wani ɗan tudu a cikin farin ido, ƙarami ƙwarai, wanda mai awo zai danna da hannunsa. Daga nan ne kwamfuta ke ƙirga rabin milimita ta auna faɗin kusurwar. In wani ya danna nan, wani ya ɗan gota, lissafin ya canza ke nan. A gefen hanci da gefen kunne tudun ya fito sarai, awonsu ya kusa zama ɗaya. A sama da ƙasa, inda fatar ido ke tarewa, sai da ta ƙura ido sosai kafin ta zaɓi wuri. Hasken ɗaki ma da nasa: a duhu ɗan ido yana buɗewa, baƙin ido ya tattaru zuwa gefe, kusurwar ta ƙara matsewa.

"Hajiya, ba da lamba ɗaya zan yanke hukunci ba," in ji ta. Ta haɗa hoton da abin da ta gani da gilashinta da awon matsin ido, sannan ta ba da shawarar a huda ɗan rami a baƙin idon da hasken lesa. Wannan ya kwantar mini da hankali matuƙa.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne takardar sakamakon. Ba a rubuta wanda ya yi awon ba, ba a kuma ce a duhu aka ɗauka ko da fitila ba. Idan za a maimaita hoton badi don kwatantawa, waɗannan biyun su ne za a fara buƙata. Ni dai na roƙa aka rubuta mana su da biro a bayan takardar.