Hadda ko Bin Dangi: Bauɗaɗɗun Aikatau na Sifaniyanci

Wanda ya taso da allo a hannu, hadda yake fara kamawa: soy, eres, es, somos, sois, son, wato siffofin aikatau ser (kasancewa). Ga aikatau irin su ser da ir (tafiya), babu wata dabara da ta wuce wannan, domin ba su bin ƙa'idar kowa. A shuɗaɗɗen lokaci ma kamanninsu ɗaya ne: fui na iya nufin "na kasance" ko "na tafi". Matsalar hadda ita ce, idan ana hira sai ka koma farkon layi kana lalube, mai magana da kai yana jira.

Ni dai na fi karkata ga bin dangi, wato haɗa aikatau masu sauyawa iri ɗaya. Dubi poder, dormir da volver: puedo, duermo, vuelvo. A irin waɗannan, duk inda nauyin murya ya sauka kan wasalin o, sai ya rikiɗe ya zama ue. Da nauyin ya matsa gaba, kamar a podemos, sai o ya dawo gidansa. Ranar da na gane wannan, aikatau da yawa suka warware mini lokaci guda. Haka tengo, pongo da salgo, masu ƙarewa da -go, 'yan ɗaki ɗaya ne.

Sai dai bin dangi kan yaudari mutum: comer na da o, amma como ake cewa, ba cuemo ba.