Na sayar da littattafan zanena ta hannun dillalin intanet: ga yadda muka kwashe

Duk wanda ya tara littattafan zane irin na Amurka, waɗanda ake kira kwamik, kuma yake son ya mayar da su kuɗi, hanya uku ce a gabansa. Ko dai ya kasa su da kansa a kasuwar intanet ta eBay, ko ya sallama wa babban shago a sari ya karɓi kuɗinsa nan take, ko kuma ya danƙa su hannun dillali ya sayar masa ya cire la'adarsa. Ni na bi hanyoyi biyun ƙarshe, duka da shago guda da ke hada-hadarsa a intanet a nan Amurka. Ba zan faɗi sunansa ba, domin akwai inda zan yaba masa, akwai kuma inda zan yi ƙorafi. A taƙaice, dillancin ya yi mini rana ƙwarai a kan 'yan littattafai ƙalilan, amma ga sauran tarin bai dace ba ko kaɗan. Gane bambancin nan tun kafin ka naɗe kaya ka kai gidan waya shi ne rabin aikin.

Na fara tara su ne ina ɗalibi a farkon shekarun 1990, wato a daidai lokacin da kowa ya ɗauka littafin zane jari ne. Labarin tsofaffin littattafai da aka sayar da tsada ya bazu, sai mutane suka riƙa sayen sababbi biyar-biyar, goma-goma, suna zurawa a leda ba tare da sun ko buɗe ba. Kamfanoni kuwa suka ga kasuwa suka buɗe injin. X-Men na 1, wato fitowa ta farko, da kamfanin Marvel ya fitar a 1991, wanda Jim Lee ya zana, an sayar da kwafi sama da miliyan 8. Ba a daɗe ba kasuwar ta rufta, shaguna da yawa suka rufe, ita kanta Marvel ta shigar da takardar karayar arziki a Disamban 1996. Abin da wannan ke nufi ga mai sayarwa a yau shi ne yawancin littattafan wancan zamani suna nan jingim a gidajen mutane, kuma sumul kamar yau aka buga su. Abin da kowa ya adana ba ya tsada.

Tsofaffin da ake jin labarinsu akasin haka ne. Action Comics na 1, wanda ya fito a 1938 kuma a cikinsa Superman ya fara bayyana, santi 10 aka sayar da shi. Yara suka karanta suka yar, wasu kuma aka kwashe su a gangamin tara takarda lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana ƙiyasin kusan ɗari ne kawai suka rage. Shi ya sa kwafi ɗaya ya kai dala miliyan 6 a gwanjon Heritage Auctions a Afrilun 2024, kamar yadda Amazing Fantasy na 15, fitowar Spider-Man ta farko a 1962, ya kai dala miliyan 3.6 a 2021. Na kawo waɗannan ne don kada mai karatu ya ji su a labarai ya dubi kwalinsa ya fara lissafin gida da mota.

Matakin farko da shagon ya ba ni sha'awa. Akwai wurin da za ka rubuta sunan littafi da lambarsa, ka zaɓi yanayin da kake ganin yake ciki, nan take ya nuna maka ko suna saye a halin yanzu da kuma nawa za su biya. Wannan kaɗai ya raba mini tsaki da tsakuwa. Mafi yawan abin da na rubuta, ko dai ba sa buƙata, ko kuma tayinsu 'yan santi ne a kan kowane kwafi. Da farko abin ya sosa mini rai, domin na san abin da na hana kaina a lokacin ɗalibta na saye su. Amma da na leƙa eBay na duba farashin waɗanda aka riga aka sayar, ba farashin da masu kaya ke nema ba, sai na ga shagon bai zalunce ni ba. Shi zai ɗauki hoto, ya ajiye a sito, ya jira mai saye, watakila shekara da shekaru. Waɗannan na sallama musu a sari. Sun ba da zaɓi tsakanin kuɗi a hannu da kuma wani adadi mafi yawa da za ka kashe a cikin shagonsu. Ni kuɗi na zaɓa, don kuɗin makarantar 'yata nake haɗawa.

Guda uku ne na san suna da nauyi: Amazing Spider-Man na 300 na 1988, inda Venom ya fito sosai a karon farko, New Mutants na 98 na 1991, fitowar Deadpool ta farko, da wani tsohon Fantastic Four na 52 na 1966, wanda Black Panther ya fara bayyana a cikinsa, da na tsinta a kasuwar 'yan gwangwan ya riga ya sha hannu. Su ne na ba da dillanci, tare da wasu 'yan matsakaita.

A nan ne maganar maki ta shigo, kuma ita ce zuciyar wannan kasuwa. Ana auna lafiyar littafi daga 0.5 zuwa 10. Ana duba kusurwoyinsa, da gadon bayansa ko ya yi tsaga-tsaga, da ƙananan ƙarafan da suka ɗinke shi ko sun yi tsatsa, da launin takardar ciki ko fara ce ko ta yi ja. Kamfanin da ya fi suna wajen wannan shi ne CGC, wanda ya fara aiki a 2000 kuma yake Sarasota a jihar Florida. Sukan duba littafi su rufe shi cikin akwatin roba mai ƙarfi, su manna makinsa a sama. Launin takardar da suka manna yana da ma'ana: shuɗiya ta littafin da ba a yi wa kwaskwarima ba ce, mai ruwan goda ta wanda aka yi wa kwaskwarima da fenti ko gam, rawaya ta wanda aka sa wa hannu a gaban wakilinsu, koriya kuma ta wanda yake da wani aibi na musamman. Misali, a tsakiyar shekarun 1970 Marvel ta riƙa buga wani ɗan kan sarki a cikin littattafanta, yara suna yankewa da almakashi. Incredible Hulk na 181 na 1974, da ake nema saboda jarumin nan Wolverine da ya fito a ciki, yana cikinsu, kuma kwafin da aka yanke wa wannan ɗan murabba'i darajarsa takan faɗi ƙasa warwas ko da bangonsa yana ƙyalli.

Ga sababbin littattafai irin na 1988 zuwa sama, tazarar da ke tsakanin 9.8 da 9.4 a ido kusan babu, amma a kuɗi tana iya ninkawa. Wannan ne ya sa mai kaya yake ganin littafinsa 9.8 ne, mai saye kuma yake ganin 9.0. Aikin dillalin gaskiya shi ne ya tsaya a tsakani, kamar yadda dillalin kara yake buɗe bakin sa ya duba haƙoransa a gaban mai saye da mai sayarwa. A nan shagon ya burge ni. Da kayana suka isa, ma'aikacinsu ya rubuto mini cewa Spider-Man ɗin ya cancanci a tura shi CGC, amma a fara yi masa guga, wato a danne shi da ɗumi da ɗan laima don lanƙwasar da ba ta fasa launi ba ta miƙe. CGC ba ta ɗaukar guga a matsayin kwaskwarima. Game da Fantastic Four ɗin kuwa, ya ce bangonsa baƙi ne, duk wata karaya tana fitowa fara ƙal, guga ba za ta gyara ta ba, don haka kada in ɓata kuɗi. Ya nuna mini wani ɗan tabon ruwa a bangon baya da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun nan. Mutumin da zai iya karɓar kuɗin aiki daga hannunka amma ya ce maka bari, wannan ka riƙe shi.

Sai zaɓi tsakanin gwanjo da tsayayyen farashi. A gwanjo ana saka littafi na 'yan kwanaki, wanda ya fi tayi ya ɗauka, kuma babu damar cewa albarka idan tayin bai yi maka ba. A tsayayyen farashi kai ke yanka kuɗinka, masu saye su yi tayi, ka karɓa ko ka ƙi. Fantastic Four ɗin na sa shi a gwanjo, kuma ya yi kyau, domin littafi ne da ba ya rasa masu nema komai tsufansa. Matsakaitan da na sa a gwanjo ba su ji da daɗi ba. Biyu daga ciki sun tafi a ƙasa da abin da shagon ya taya mini a sari tun farko. Gwanjo yana son littafin da mutum biyu za su yi jayayya a kansa. Idan mutum ɗaya ne kawai ya leƙo a daren rufewa, shi ya ci kasuwa.

Spider-Man ɗin da Deadpool na sa musu farashi na zauna jira. A nan sai da na yi ta rage buri, saboda farashin da ke kaina na 2021 ne, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida kuɗi ya kwararo cikin kayan tarawa. Daga 2022 kasuwar ta sauko, musamman a kan irin waɗannan littattafai da suke da dubban kwafi masu maki. Tayin da aka riƙa yi mini na farko ƙasa yake sosai, na yi ta cewa albarka, har dai wani ya zo kusa da farashin cinikin baya-bayan nan na sallama.

La'adar da suka cire ta tashi kusan kashi ɗaya cikin goma, kuma na ga ta halal ce. Da a eBay na sayar, abin da za a yanke mini bai gaza haka ba, ga ɗaukar hoto, ga amsa tambayoyi, ga naɗe kaya, ga fargabar mai sayen da zai ce littafi ya iso a lanƙwashe ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Duk wannan ɗawainiya dillalin ne ya ɗauke. Bayan haka, masu saye suna sakin jiki da shagon da suka sani fiye da baƙon da ba shi da tarihin ciniki, kuma wannan yardar tana bayyana a farashi.

Ƙorafina na farko jinkiri ne. Daga ranar da gidan waya ya nuna kaya sun isa zuwa ranar da suka bayyana a shafina an ɗauki makonni, kuma a tsakani babu wanda ya ce mini uffan sai da na rubuta na tambaya. Mutum ya tura dukiyarsa wata jiha, ko layi ɗaya aka aiko masa cewa an karɓa ana kan layi, hankalinsa zai kwanta. Wanda aka tura wajen maki kuma ya ƙara nasa watannin. Bayan an sayar ma ba a biya nan take, sai mai saye ya biya, kaya sun isa gare shi, wa'adin mayarwa ya wuce. Wanda yake da buƙatar gaggawa, kuɗin haya ko na asibiti, dillanci ba nasa ba ne.

Na biyu ya fi ci mini rai. Akwai mafi ƙarancin la'ada da suke cirewa a kan kowane littafi komai arharsa, kuma an rubuta wannan can ƙasa cikin ƙananan haruffa. A kan littafin dala ɗari uku ba za ka ji ba. A kan wanda ya tafi a dala goma sha biyar, kaso mai tsoka ne. Ya kamata ma'aikacin da ya hana ni ɓata kuɗi a kan guga ya kuma gaya mini cewa matsakaitan nan ba su kai na dillanci ba. Na uku ƙarami ne: hoton bangon gaba kawai suka saka wa littattafan da ba su da akwati, alhali mai saye na gaske yana son ya ga baya da ciki.

Wajen aikawa, kowane littafi ya shiga ledarsa da kwali a bayansa, a haɗa su a matse tsakanin kwalaye masu kauri, a sa cikin akwati ba ambulan ba. Kada salatif ya kusanci bango. Garin cirewa yake ɗauke launi. Akwai rahusar da gidan wayan Amurka ke yi wa littattafai, amma littafin zane mai tallace-tallace a ciki ba ya cikinta, don haka a biya na sosai a sa inshora. Ni na ɗauki hoton kowane mai tsada gaba da baya kafin in rufe akwati. A kuma tuna da haraji: a Amurka ribar kayan tarawa da aka riƙe fiye da shekara ana iya cire mata har kashi 28 cikin 100, saboda haka duk wata shaidar abin da ka kashe wajen saye da maki da aikawa ka adana ta.

Zan sake ba su dillanci idan littafi ya haura dala ɗari kuma ba na cikin sauri. Abin da bai kai haka ba, ko sari ko in haɗa su jeri-jeri in kasa da kaina. Akwai sauran ƙaramin kwali ɗaya na irin waɗannan a gida, kuma jerin farko da zan fitar shi ne na Spider-Man daga 1989 zuwa 1991, tunda masu karatu sun fi son su sami labari a jere ba tare da giɓi ba.