Tsufa a Ingila: magani kyauta, kulawa da kuɗinka

Yaya, salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da su Inna da yara.

Ka tambaye ni ko da gaske ne gwamnati ke riƙe tsofaffi a nan. Tunda aikina ke nan, kula da tsofaffi, bari in faɗa maka yadda abin yake, don ba kamar yadda ake ba da labari ba ne.

Ganin likita kyauta ne. Wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta masa, in ya kai shekarun fansho kuma yana hawa bas kyauta. Tun 2011 aka soke tsarin da ya ba mai aiki damar sallamar ma'aikaci don kawai ya cika 65.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar kulawa ta 2014. Idan aka yi zargin ana cutar da tsoho, ko ana cinye masa kuɗi, ko an yi watsi da shi, dole ne ƙaramar hukuma ta bincika, ba alfarma ba ce. Mu ma'aikata, ko tabo muka gani a damtsen tsohuwa, sai mun zana inda yake a takarda, mun rubuta lokaci, mun kai rahoto, ko da ɗanta muke zargi. Idan kuma ta ce yau ba ta wanka, to ba ta yi. Dokar 2005 ta ce a ɗauka mutum yana cikin hayyacinsa sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da kake ganin wauta ne ba hujja ba ce ta ƙwace masa iko. Ba ka da abin yi sai lallashi, ka dawo da yamma ka sake gwadawa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Wanka, sutura, ciyarwa, zama a gidan kula da tsofaffi, duk waɗannan ba sa cikin kyautar asibiti. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya da kansa, kuma kuɗin mako guda kan wuce fam 1,000. Idan ya koma gidan kulawa, babu mata ko miji da ya rage a gidansa, sai a sa gidan cikin lissafi. Na ga mutanen da suka shekara talatin suna biyan bashin gida, ciwon mantuwa ya lamushe shi cikin 'yan shekaru. A Sikotlan kuwa, wadda ita ma yankin Birtaniya ce kamar Ingila, tun 2002 irin wannan kulawar ta jiki kyauta ce ga mai shekara 65. Ƙasa ɗaya, hukunci biyu.

Mu ma ba takarda muka rasa ba. Najeriya na da dokar da ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi a 2016. Bambancin da nake gani shi ne a nan akwai lambar da za ka kira, akwai jami'in da zai amsa tambaya in bai zo ba, kuma hukumar CQC mai sa ido kan ayyukan lafiya da kulawa na shiga gidajen kulawa ba tare da sanarwa ba, ta wallafa abin da ta gani kowa ya karanta. Ƙarancin ma'aikata dai yana nan, shi ya sa aka yi ta ɗauko irinmu daga waje har zuwa 2025.

A gaishe min da Inna sosai.