Ewing ko Bennett: wa za ka tsayar a bayan mai bugu?

Ɗan'uwa, ka ce a gasarmu ta kwamfuta, wadda muke maimaita kakar wasannin besbol na Amurka ɗaya bayan ɗaya tun daga 1881, zaɓen 'yan wasa ya zo kanka, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Buck Ewing da Charlie Bennett a gurbin mai cafe ƙwallo, wato wanda ke tsayawa a bayan mai bugu yana cafe jifar mai jifa. Kafin ka dubi lambobinsu, ka fara duban irin aikin a wancan zamani.

Mai cafewa na 1881 kusan hannu tsirara yake aiki. Garkuwar fuska ba ta daɗe da fitowa ba, a 1877 aka fara sa ta a jami'ar Harvard, safar hannun kuwa 'yar fata ce mara kauri. In babu kowa a kan tasha, wato wuraren da mai gudu ke bi yana takawa kafin ya ci maki, sai ya ja baya ya jira ƙwallo ta doki ƙasa, in akwai mai gudu dole ya matso dab da sanda. Da babbar gasar National League ta halatta jifa daga sama da kafaɗa a 1884, ƙwallo ta ƙara gudu, yatsu suka riƙa karyewa. Saboda haka tambayar farko ita ce: wasa nawa mutum zai iya tsayawa a wurin, kuma ƙwallo nawa za ta kuɓuce masa ta wuce baya?

A nan Bennett ya yi wa Ewing fintinkau. Wasa 954 ya tsaya a wannan gurbi, Ewing kuwa 636. Sau bakwai Bennett yana zama na ɗaya cikin masu cafewa na gasar wajen ƙarancin kuskure. Shi ne ya cafe wa mai jifa Lee Richmond na ƙungiyar Worcester ranar 12 ga Yuni 1880, wasan da ba a bar ko mutum ɗaya ya taka tasha ba. Ana kuma danganta masa rigar kare ƙirji, wadda matarsa ta ɗinka masa yake sawa a ƙarƙashin rigar wasa. Yatsunsa duk sun karkace saboda dukan ƙwallo, amma bai bar gurbin ba har 1893. A Janairun 1894 jirgin ƙasa ya raba shi da ƙafafunsa biyu a Kansas, mutanen Detroit, inda ya taɓa buga wasa, suka sa wa filinsu sunansa. Har yau abin yana ci mini rai cewa ba a shigar da shi zauren fitattun 'yan besbol da ke garin Cooperstown ba.

Ewing fa, ba a sa shi can a 1939 don banza ba. Matsakaicin bugunsa .303 ne, wato bugu 303 masu nasara cikin kowane dubu, na Bennett .256. Yana da gudu, yana satar tasha, yana jefa ƙwallo zuwa tasha ta biyu daga tsugunne ba tare da ya miƙe ba. Da shi New York ta ci gasa a 1888 da 1889. Sai dai daga 1891 hannunsa ya samu matsala, aka mayar da shi tasha ta ɗaya da bayan fili.

Ka lura da wani abu da wannan .256 ke ɓoyewa. A 1881, 1882 da 1883 Bennett ya haura .300 a Detroit, daga baya ne bugunsa ya yi ƙasa. Tunda daga 1881 muka fara, shekarunsa masu kyau ne za ka fara mora, alhali Ewing a lokacin ɗan shekara 21 ne a ƙungiyar Troy, bai gama nuna ba.

Ka shiga saitin gasar ka ga ko an kunna gajiya da rauni. In an kashe su, ɗauki Ewing, kwamfuta za ta tsayar maka da shi kullum ba tare da yatsa ya kumbura ba. In a kunne suke, ni Bennett zan ɗauka, in nemi mai bugu a zagaye na gaba.