Kwana kyauta da mota mai ɗaki a Amurka: Walmart ko filayen BLM?

Masu shirin zaga Amurka da mota mai ɗaki suna yawan tambaya: a kwana a harabar manyan kantunan Walmart ne, ko a filayen gwamnati da hukumar BLM ke kula da su? Duka kyauta ne.

Walmart na bakin hanya, ga haske, ga abinci. Sai dai ba kowane reshe ke yarda ba. Manaja ke da ta cewa, wani garin kuma dokarsa ta hana. Kira kafin ka iso, ka faka can gefe, kada ka baza kujeru. Dare ɗaya ne, ga ƙugin tireloli har asuba.

Filayen BLM galibi a yammacin ƙasar suke, a jihohi irin su Arizona da Nevada, kuma yawanci ana barin mutum kwana 14 cikin 28. Babu famfo, babu wurin zubar da ƙazanta, don haka shiga da tankin ruwa cike. Babban haɗarin shi ne busasshen rafi: kada ka faka ciki, ruwan da aka yi nesa kan taho da ambaliya cikin dare. Hanyar ƙasa kuma in ta jiƙe, mota mai nauyi kafewa take.

Mai wucewa da gajiya ta kama, Walmart ya ishe shi. Mai sola da guzuri, wanda ke son shiru, BLM ne nasa.